Wa ya fi iya tuƙi a tseren ƙarshe?

Ɗan'uwa ka ce ko wanda ya zo na ɗaya a tseren ƙarshe shi ya fi kowa iya tuƙi, to ni dai gaskiya ban yarda ba. Duba tseren ƙarshe na gasar motoci ta Formula 1 a Abu Dhabi a 2021, direbobi biyu Hamilton da Verstappen kowa ya shigo da maki 369.5, Hamilton ke gaba kusan duk tseren sai wani direba Latifi ya daki bango aka fito da motar da ke shiga gaba ta sa kowa ya rage gudu, Verstappen ya sa sabbin tayoyi ya wuce shi a zagayen ƙarshe. Ina laifin direba a nan? Ni dai ina gwada direba ne da abokinsa na tim ɗaya tunda motarsu iri ɗaya ce, sannan in duba yadda ya lallaɓa tayoyinsa.