Jami'ar lafiya ta ce ɗana ba ya ji sosai, amma ba likita ba ce: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 6, malaminsu yana ta ƙorafi cewa sai an ɗaga murya yake amsawa, kuma bara kunnensa ya yi ta zubar da ruwa. Na kai shi ƙaramin asibitin unguwarmu, wata jami'ar lafiya ta leƙa kunnen da 'yar fitila, ta sa masa hedifon da ke haɗe da waya, ta ce kunnen hagu bai ci gwajin ba, mu tafi babban asibiti. Babansa ya ce ai ba likita ba ce, kuma waya ba ta auna kunne. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kai shi, kada ki jinkirta. Kuma ki lallaɓa maigida, domin maganarsa tana da rabin gaskiya.

Abin da jami'ar ta yi sunansa tantancewa, wato a ware waɗanda ake zargin suna da matsala daga cikin masu lafiya. Ba ta yanke hukunci cewa yaron ya kurmance ba. Wayar kuwa ba ita kaɗai ke aikin ba: manhajar da ke cikinta tana sakin sauti kala-kala, mai kauri da siriri, a ƙarfin da aka auna, ta hedifon da aka daidaita don wannan aikin. Idan yaro ya kasa jin sautin da mai lafiyar kunne zai ji, sai ta nuna a tura shi gaba. Wannan ba ya buƙatar shekarun karatun likita. Horo mai kyau da natsuwa sun isa.

Me ya sa ake miƙa wa jami'an lafiya na matakin farko wannan aiki? Saboda mu likitocin kunne ba mu da yawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa a cikin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kashi 78 cikin ɗari ba su da ko likitan kunne ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. Idan aka ce sai mun ga kowane yaro da idonmu, wasu za su gama firamare ana kiran su daƙiƙai alhali ba sa jin malami ne kawai. Shi ya sa hukumar ta fitar da littafin horar da irin waɗannan jami'ai a 2023.

Inda babansa yake da gaskiya shi ne, gwajin yana iya yin kuskure. Ƙarar janareta, ko Keke Napep da ke wucewa a bakin titi, ko kukan jarirai a layin awo, duk suna iya sa yaro mai lafiya ya faɗi gwajin. Haka dauɗar kunne idan ta toshe hanya, ko mura. Wani yaron ma tsoro ne ke hana shi ɗaga hannu. Amma naki ɗan, abu uku ne suka haɗu: ƙorafin malami, ruwan da kunnen ya zubar, da sakamakon gwaji. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan nan, domin yakan nuna fatar dodon kunne ta huje, kuma idan aka bar ciwon ya daɗe yana iya cin ƙananan ƙasusuwan da ke bayanta.

Ku mutanen Kaduna kun yi dace, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garinku take. Can za a sa shi a ɗakin da ƙara ba ta shiga, a auna kowane kunne daban, a gane ko matsalar ta toshewa ce wadda magani ko tiyata ke gyarawa, ko ta jijiya ce wadda ke buƙatar na'urar ƙara ji. Ki tafi da takardar da jami'ar ta ba ki, ki kuma faɗa musu idan ya taɓa yin ƙyanda, sanƙarau, hangum, ko shawara yana jariri, ko an taɓa yi masa alluran jentamaisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Kafin ranar, kada a ɗiga masa man ja, man zaitun ko ruwan ganye, kada a sosa da tsinken ashana ko gashin kaza, kuma a kiyaye ruwa ya shiga kunnen wajen wanka. Ki roƙi malaminsu ya dawo da shi layin gaba, kunnen dama yana fuskantar inda malamin yake tsayawa.