Baba ya daina gane jigon kuroswod: ƙarin jarida ne maganin?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu tsohon malamin Turanci ne, shekarunsa 71. Tun muna yara ba ya barin kuroswod na jarida, wasan nan na cike gidajen allo da kalmomi, ya wuce shi, musamman mai jigo, wato wanda wani abu ɗaya ya haɗa dogayen amsoshinsa, har yakan kira mu ya nuna mana dabarar da aka ɓoye. Tun bayan babbar sallah sai ya cike gajerun kalmomin ya bar dogayen, ya ce masu shiryawar ne suka lalace. Yana maimaita tambaya, kwanaki kuma ya ɓace hanya daga masallaci. Yayanmu ya ce tunda har yanzu yana cikewa lafiyarsa lau, a ƙaro masa littattafan wasan da wani maganin kaifin ƙwaƙwalwa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. Ki kai shi asibiti cikin makon nan, kada ki jira a gama shawara a gida.

Abin da kika lura da shi yana da ma'ana, kuma ni ma mai cike wasan nan ne, don haka na gane inda kika dosa. Gajerun kalmomi tsohuwar ajiya ce. Wanda ya shekara 40 yana cikewa ya haddace su, hannunsa ma kaɗai zai rubuta. Jigo kuwa wani aiki ne daban. A ce da Hausa aka shirya, dogayen amsoshin su ne BAKIN KASUWA, HARSHEN WUTA, HANNUN RIGA da ƘAFAR WANDO. Kowace tana da tata tambayar, babu wadda ta ambaci 'yar'uwarta. Sai mutum ya riƙe biyu ko uku a ka lokaci guda, ya ga baki, ya ga harshe, ya ce ashe sassan jiki ake jerawa, nan take ya san ta huɗun ma da wata gaɓa za ta fara. Ki ƙirga haruffan: biyun farko 11 da 11, biyun ƙarshe 10 da 10, domin a tsarin Amurka ko an juya allon kai ƙasa baƙaƙen gidajen na nan a mazauninsu, dole dogayen su zo tagwaye. Daɗin wasan ke nan. To wannan riƙewa da haɗawa na cikin abubuwan da kan fara rauni, tsohuwar haddar kuwa takan daɗe ba ta girgiza ba.

Ba na cewa duk wanda jigo ya gagara ya kamu da ciwo. A jaridar New York Times, wadda ta fara buga wasan a 1942, na Litinin ya fi sauƙi, na Alhamis cike yake da tarko, na Juma'a da Asabar galibi ba su da jigo ma sam. Jaridar da ta kwaso wasanta daga waje kuma takan zo da sunayen 'yan wasan Amurka da ba ruwan ɗan Gombe da su. Amma jarida ba ta sa dattijo ya ɓace tsakanin masallaci da gidansa.

Maganar yayanku ita ce na gaji da ji. Kusan kullum sai an shigo mini da dattijo, ɗansa na cewa ai Baba na karatu, Baba na lissafi, Baba na cike jarida, shi ya sa ba mu damu ba. Idan na tambayi yaushe abin ya fara, sai a ce shekara biyu, shekara uku. Mai ilimi ya fi kowa iya ɓoye ciwon mantuwa, saboda yana da kalmomin da zai rufe giɓi da su. Tamkar katangar da gara ta cinye ciki ne, yaɓen waje na nan sumul. Ana yabon yaɓen, lokaci na tafiya.

Kuma wa ya ce wasan magani ne? Binciken da masu wannan da'awa suka fi kafa hujja da shi an buga shi a 2022, daga jami'o'in Columbia da Duke. Mutum 107 masu ƙaramin raunin tunani aka bi har mako 78, wasu na cike kuroswod, wasu na wasannin kwamfuta. Masu kuroswod sun ɗan fi. Ki lura, wasa aka gwada da wasa, a kan mutanen da likita ya riga ya duba, kuma babu wanda aka ce ya warke. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, manhajar wasannin ƙwaƙwalwa, ya biya dala miliyan 2 saboda tallan cewa wasanninsa na kare mutum daga raunin ƙwaƙwalwa ba tare da hujja ba. Can an ci tara. A nan kuwa mutum zai faka mota a bakin tasha, ya ɗaura lasifika, ya ce kwalbarsa ɗaya na maganin basir, sanyi da mantuwa, ba wanda zai ce masa kanzil. Abin da ke cikin kwalbar ba a sani ba, ƙodar dattijo mai shekara 71 kuma ba wurin gwaji ba ce. Wasu ma sun ƙaura WhatsApp, sun sa farar riga a hoto sun zama likitoci.

Daga nan sai kashi na biyu na ɓata lokaci: a ce sammu ne, a ce iska ce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan tsohuwa ce ta fita tana sambatu, maimakon a riƙe hannunta a mayar da ita gida, sai yara su bi ta ana mayya.

Me ya sa nake ta faɗa? Domin ba kowace mantuwa ce ke da wuyar magani ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar ƙwayar maƙoshi da ake kira tayirod, ciwon damuwa bayan ritaya ko rasuwar aboki, magungunan barci da na mura da ake sha ba ƙa'ida, duk suna rikita tunani, kuma ana gyara su. Yanar ido kaɗai kan sa mutum ya kasa karanta ƙananan lambobin allon, ya koma zagin jarida. Raunin ji kan sa a maimaita tambaya. Hawan jini da ciwon suga kuwa suna lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali, abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a tare na gaba. Ko da ciwon mantuwa na Alzheimer ne, sanin sa da wuri na ba iyali damar tsara kuɗin fansho, tuƙi da wanda zai riƙa raka shi.

Kada a ƙwace masa jaridar, kada kuma a mayar da ita jarrabawa. Ki zauna kusa da shi, ki karanta masa dogayen amsoshin a jere, ki bar shi ya faɗi abin da ya haɗa su. Idan ya gagara a wuce.

Ku fara da sashen marasa lafiya na waje a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko asibitin da ya saba zuwa su tura ku. Ki tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya, da tabaraunsa, da wanda yake kwana gida ɗaya da shi. Ki ɗauki jaridun bara biyu da na watan nan biyu, likita zai so ya gwada rubutun. Idan kuwa ya rikice farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a wuce da shi sashen gaggawa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.