Daɓe da kyamara ba mudu ɗaya suke awo ba

Ka ce darakta ya dakatar da kai a gaban kyamara, wai ka yi yawa, alhali wannan wasan ne ya sa aka yi ta tafa maka a daɓe, kana tambaya ko shi ne bai san aiki ba. Ya sani sarai, ɗana. Abin da ya same ka ya sami Laurence Olivier, wanda a Ingila ba a jera 'yan wasan Shakespeare sai an sa shi a sahun gaba.

An haife shi a 1907, daɓe ne ya raine shi, fim kuwa raina shi yake yi, yana ganin wurin neman kuɗi ne kawai. Da ya je Hollywood yin Wuthering Heights na 1939, sai ya faɗa hannun darakta William Wyler, mutumin da ba ya gajiya da cewa a sake. Olivier ya zo da muryar da ke kaiwa kujerar ƙarshe a Old Vic, gidan wasan daɓe na Landan, da buɗe hannuwa, da zare ido. Wyler ya yi ta danne shi har rai ya ɓaci. Daga baya Olivier da bakinsa ya yarda cewa a hannun Wyler ya koyi girmama fim.

Dalilin a fili yake. A daɓe, mai kallo na nesa, dole ka aika masa da fushi da dukan jikinka. Kyamara kuwa ta zo har hancinka, ƙiftawar ido ma magana ce. Nemi fim ɗin Hamlet na 1948, daga wasan Shakespeare, wanda shi ya ba da umarni kuma ya fito a ciki, ya ci lambar yabo ta Oscar ta gwarzon ɗan wasa da ta fim mafi kyau. Lura da inda Hamlet yake zancen zuci: a wurare da dama leɓensa ba ya motsi, muryar da aka naɗa daban ake ji, fuska kaɗai ke ɗauke da nauyin. A daɓe wa zai iya haka?

Shi ma bai tsira gaba ɗaya ba. Othello, wasan Shakespeare da ya yi a daɓe a 1964, ya girgiza Landan, amma da aka ɗauke shi a fim a 1965 kusan yadda yake a daɓe, sai ya yi girma fiye da allo, ga kuma baƙin fentin da ya shafe jiki da shi don ya fito a matsayin baƙar fata, wanda ni dai ban taɓa iya kallo da daɗin rai ba.

Gobe kafin a fara ɗauka, tambayi mai kyamara iyakar abin da yake ɗauka daga jikinka. In daga kafaɗa ne zuwa sama, hannuwanka su huta, ka yi magana da ƙarfin da za ka yi wa wanda ke zaune kusa da kai a tabarma.