Na karɓi kuɗi a hannu, shin na sayar da waƙata ke nan?

Tambaya: Barista, ni matashin mawaƙi ne a Mabera, cikin garin Sakkwato. Bara na biya kuɗin situdiyo daga aljihuna na yi wata waƙa, sai wani mai tashar YouTube ya ba ni naira 40,000 ya ɗora ta. Yanzu da waƙar ta karɓu ya ce ai ya saye ta, ya hana ni ɗora ta a ko'ina, ya kuma aiko da takarda wai in sa hannu. Hankalina a tashe yake. Ta fita hannuna ke nan?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, amma kada ka kuskura ka sa hannu a takardar nan kafin lauya ya karanta maka ita. Bisa abin da ka bayyana, waƙarka tana nan a hannunka.

Kusan kullum sai na ji wannan magana ta cewa wanda ya ba da kuɗi shi ke da waƙa, kamar dai buhun albasa ne da aka yi cinikinsa aka ce an sallama. Masu yaɗa ta a majalisar shayi da bakin situdiyo ba su taɓa buɗe dokar ba, amma suna yanke hukunci da ƙarfin gwiwa, yara kuma suna haƙura da guminsu saboda jin kunyar a ce sun ci kuɗin mutum sun dawo suna rigima. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta faɗa a sashe na 30 cewa sayar da haƙƙin mallaka, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Abin da baki ko mu'amala ke iya bayarwa shi ne izinin da bai hana mai waƙa ba wa wani irinsa ba. Saboda haka naira 40,000 ɗin nan, iyakar abin da za a ce ta saya masa shi ne damar ɗora waƙar a tasharsa, kuma ba shi da hurumin hana ka ɗora ta a taka.

Shi ma da alama ya san haka, shi ya sa ya aiko da takarda bayan shekara guda. Ranar da ka rattaba mata hannu, abin da yake iƙirari da baki ya zama nasa a gaban alƙali. Ka kuma dubi girman abin da za ka sallama: haƙƙin baituka da karin waƙa yana ɗorewa tsawon rayuwarka da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarka, wato gadon 'ya'ya da jikoki ne, na sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne daga fitarsa. Tun da kai ka ɗauki nauyin naɗar, wannan na biyun ma naka ne, sai dai mai haɗa kiɗan na iya samun kaso a karin, don haka ku rubuta yarjejeniya tsakaninku tun ana shiri.

Ka adana shaidar biyan situdiyo da saƙonnin WhatsApp da kuka yi da mutumin, ka duba su da kyau, domin idan ka taɓa rubuta masa cewa ka sayar, lauyansa zai riƙe wannan. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba sharaɗi ba ce, tun da haƙƙi yana samuwa da zarar an naɗi waƙa, amma takardarta tana ƙarfafa hujja.

Ni na fi son ku fara da sulhu a gaban dattawan sana'ar, a rubuta masa izini na ƙayyadadden lokaci tare da kason da zai riƙa ba ka. Idan ya ƙi, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a nan Sakkwato.