Burga a ƙaramin teburi: duba mutumin kafin ka duba kartar

Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka. Ka ce teburin dala 1 da 2 ne (kuɗin dole da ake fara zubawa kafin rabo), Texas Hold'em mara iyakar zubi, wato kartar poker da kowa ke riƙe kati biyu ana buɗe biyar na kowa a ƙasa, katin ƙarshe ya cika uku masu alama ɗaya a ƙasa, ka tura duk kuɗin da ke gabanka kamar ka haɗa biyar masu alama ɗaya alhali ba ka riƙe da komai, mutumin kuma ya biya, wato ya zuba daidai abin da ka tura, da as biyu (as shi ne kati mafi girma). Kana so ka san ko kai ka yi kuskure ko shi ne bai iya wasa ba. Ba zan ɓoye maka ba, kuskuren naka ne. Na daɗe ina zama irin wannan teburi a nan Amurka, kuma darasin nan da aljihuna na saye shi.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Idan dala 100 ce a tsakiya ka zuba 100 don burga, sai abokin karawarka ya ajiye karta sau ɗaya cikin biyu kafin ka mayar da uwar kuɗi. In 50 ka zuba, sau ɗaya cikin uku ya isa. In 200 ce, sai sau biyu cikin uku. To tambayi kanka, tsakani da Allah, mai as biyu a teburin dala 1 da 2 zai ajiye su sau biyu cikin uku? Ko sau ɗaya cikin biyar ban yarda ba.

Dalili kuwa ba jahilci ba ne kawai. Yawancin waɗanda ke zama wurin sun taso daga aiki ne, sun zo shan iska. Mutum ya yi awa biyu yana karɓar tarkace yana zubarwa. As biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Ranar da suka sauka a hannunsa ji yake kamar sallah ta zo, sai kai ka ce zai jefar da su don ka haɗe rai ka tura dala 200? Kuɗin ba su kai su hana shi barci ba. Abin da zai hana shi barci shi ne ya koma gida bai san ko ka yaudare shi ba.

Wani dare na kara da wani dattijo da ba ya shiga hannu sai da dalili. Ya ɗaga tun farko, ya ci gaba da zubawa, ni kuma ina farautar jere (kati biyar masu bin juna a lamba) wanda bai zo ba. Katin ƙarshe ya kawo alama ta uku, ya ɗan ja baya, sai na tura 180 a kan 120 da ke tsakiya. Ya daɗe yana kallona, ya ce ya san na haɗa, sannan ya biya da sarki biyu. Ka ji fa: ya yarda da labarina, amma ya biya. Daga ranar na gane cewa ko labarinka ya shiga kunne, akwai hannun da ba ya sakin karta.

Na san abin da ke ruɗar da yawancinmu, wato hannun Chris Moneymaker da Sam Farha a gasar duniya ta 2003 a Las Vegas, shekarar da Moneymaker ya tafi da dala miliyan 2.5. Ya tura komai da sarki da 7, ba ko tagwaye, Farha ya ajiye tagwayen 9. Amma a duba da kyau. Farha ƙwararre ne mai auna abin da ke hannun wani, kuma kambun duniya ne a gabansa. A kati na huɗu da Moneymaker ya ɗaga, yana da hanyar cika jere ta gefe biyu, ga kuma sarkin alamar da ta fito sau uku a ƙasa a hannunsa. Abin da Farha ya ajiye ma tagwaye ne masu matsakaicin ƙarfi. Ɗauko wannan ka kai teburin dala 1 da 2, ganin kitse ne ake wa rogo.

Ba cewa nake ka daina burga ba. Ina yi har gobe, amma a kan mai rauni: wanda ya biya tun farko, ukun farko suka fito ba su taɓa shi ba, ya yi shiru. Ƙaramin zubi ya isa ya kore shi. Ina yi kuma idan ina da mafita, misali ina jiran kati ɗaya in cika biyar masu alama ɗaya. Kati 9 ke cika min, wato kusan kashi 35 cikin ɗari in saura biyu a buɗe, kusan 20 in saura ɗaya. Ko an biya, ban mutu ba. Sannan mutum ɗaya nake yi wa. In su biyu ne, ko da kowannensu yana ajiyewa sau shida cikin goma, damar su ajiye tare ta sauko kashi 36.

Ga abin da ya fi muhimmanci, kuma ina so ka riƙe shi. Halin nan nasu da ya cinye maka kuɗi, shi ne abincinka. Wanda ba ya iya ajiye as biyu gaban burga, ba zai ajiye su ba ranar da ka haɗa uku iri ɗaya. Ranar kada ka yi rowar zubi, kada ka ɓoye ƙarfinka, zuba sosai a kowane zagaye. Haka kuma in irin wannan dattijon ya ɗaga maka da ƙarfi a katin ƙarshe, ka yarda da shi ka ajiye, don da wuya su yi burga a nan.

Mutumin da ya biya ka, ka lura da fuskarsa. In kun sake haɗuwa, nemi kujerar da ke hagunsa don ka riƙa magana bayansa, ka jira hannu na gaske, ka tura masa daidai yadda ka tura wancan karon.