Amsa ga mai jaririn da numfashinsa ke ƙara

Sannu da jinya 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Kin ce yaronki wata uku, tun yana sati biyu numfashinsa ke ƙara, ga tari jefi-jefi, kin ƙarar da kwalba uku ta sirof daga kemis ba canji, yanzu kuma a gida an ce belu ne, a kira wanzami. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi. Duk uwar da ta taɓa kwana a zaune, ƙarfe ukun dare kowa na barci, ita tana haska ƙirjin jariri da fitilar waya, in ƙarar ta yi yawa ta tsorata, in ta yi shiru ta fi tsorata har ta kai yatsa hancinsa, ta san halin da kike ciki.

Don girman Allah kada a taɓa masa belu. Ƙarar nan ba daga belu take fitowa ba, cire shi ba zai rage komai ba. Jinin jikin jaririn wata uku gaba ɗaya bai wuce kimanin rabin lita ba, kwatankwacin ledar fiya wata guda, ɗan abin da ya zuba a wurinsa mai yawa ne. Ga haɗarin jinin ya gangara hanyar iska, ga ciwon da zai hana shi kama nono. Ki lallashi iyaye cikin ladabi, ki sa maigida ya yi maganar, ta fi shiga.

Yanzu ki saurara da kyau: ƙarar lokacin da yake jan iska ce, ko lokacin fitarwa? In a jan iska ne, siririya kamar kukan ɗan tsako, tana ƙaruwa in yana shan nono, ko yana kuka, ko an kwantar da shi rigingine, to ta yi kama da abin da likitoci ke kira laringomalesiya. Guringuntsin bakin maƙogwaro ne bai yi ƙwari ba, duk ya ja numfashi sai ya lotsa ciki ya rage hanya. Yakan fara a makonni biyun farko, ya tsananta tsakanin wata 4 zuwa 8, yawanci ya ɓace da kansa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu. Saboda haka kada ki firgita in ya ƙaru nan gaba kafin ya ragu. Tarin kuma sau da yawa ƙwarewa ce da tumbuɗi. Ki riƙa ba shi nono kaɗan-kaɗan akai-akai, kansa a sama, ki bar shi ya huta a tsakani, bayan ya gama ki saɓa shi a kafaɗa minti 20 zuwa 30 har ya yi gyatsa. Barci dai a rigingine, ba filo, ko da kin ga ƙarar na raguwa in ya yi rub-da-ciki.

In kuwa ƙara ce mai kama da fito lokacin fitar da iska, bayan mura, wannan ƙananan hanyoyin huhu ne suka kumbura, tarinsa kan kai sati uku. In minshari ne na hanci, ɗigo biyu na ruwan gishirin hanci na kanti a kowace kafa kafin shan nono ya isa.

Abin da ke ƙona min rai masu kemis ne. Uwa ta zo hankali a tashe, ba a ɗaga rigar yaro ba, ba a ƙirga numfashi ba, a miƙo sirof ɗin tari da antibayotik, bayan kwana biyar a canza wani mai tsada. Wane sirof ne zai ƙarfafa guringuntsi? Wasu ma suna sa jariri barci mai nauyi ya kasa shan nono, uwa ta ɗauka sauƙi ne. Mai kodin a ciki tun 2018 gwamnati ta hana shi, kuma ko da ba a hana ba, ba na yara ba ne. Ki ajiye kwalaben nan. Haka zuma, ba a ba yaro sai ya cika shekara. Robb da kafur kada su kusanci hancinsa. Turaren wuta kuma, na san mai jego da turare sai Allah, amma ki fitar da kaskon daga ɗakin, da maganin sauro na hayaƙi, ki koma gidan sauro. In da mai shan taba a gidan, waje.

Ki koyi ƙirga numfashi. Yana kwance shiru, ki ɗaga riga, ki ƙirga ɗagawar ciki na minti ɗaya cif da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ko fiye ya yi sauri. Ƙasa da wata 2 kuwa 60. Sauri tare da tari alamar limoniya ce. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko leɓe ya yi shuɗi-shuɗi, ko numfashin na ɗaukewa, ko ya ƙi nono, ko zazzaɓi, kada ki jira gari ya waye.

Af, allurarsa fa? Ta sati 6, 10 da 14 ita ke kare tarin shiƙa, a duba kati. A duba awonsa kuma: yaron da ke ƙara amma nauyi na hawa daban yake da wanda ke gumi wurin shan nono yana ramewa, wannan har zuciya ake dubawa. Tarin da ya wuce sati biyu dama na asibiti ne, musamman in da babba mai tsohon tari a gidan, saboda tarin fuka.

Ki ɗauki bidiyonsa da waya lokacin da ƙarar ta taso, ƙirji a buɗe, don yaran nan da an shiga gaban likita sai su yi tsit kamar ba su ba. Ki nemi likitan yara, ki nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro. In kina Kano akwai a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Siririyar kyamara ake zurawa ta hanci yana farke, 'yan mintuna ne, zai tsala kuka amma a nan take ake ganin maƙogwaron. Ki tafi da katin awo da kwalaben da ya sha duka a leda.