Tambaya da Amsa: In cire yarana daga makaranta in riƙa koya musu a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni dai yarana uku ne, babbar tana aji 5 na firamare, mai bi mata aji 2, autan kuma shekararsa 4 bai shiga ba tukuna. Makarantar kuɗi suke amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kusan kowane zango sai an ƙara kuɗi, ga kuɗin adaidaita ga littattafai ga yunifom, maigida ya ce shi fa ya gaji a maida su ta gwamnati. Na je na leƙa ta unguwarmu wallahi yara a ƙasa suke zaune, aji ba masaka tsinke. Ni kuma ina da NCE ina zaune ba aiki, na ga a intanet a Amurka iyaye na karantar da 'ya'yansu a gida, shi ne nake cewa ko ni ma in gwada? Hajiya mahaifiyar maigida ta ce ba dai da jikokinta ba. Daga wata uwa, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Karatu a cikin gida ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu da 'yan taru mata suke karantar da mata a gidajensu, kuma har gobe akwai yaron da a gaban uwarsa ya fara bismi. To amma boko da takarda yake tafiya, kuma nan ne gizo ke saƙar.

A Amurka duk jihohinsu 50 sun halatta karantar da yaro boko a gida, kowace jiha da ƙa'idarta, yaro zai iya gamawa a gida ya wuce jami'a. Jamus kuma ta hana. Mu a nan dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowane yaro, cewa ta yi wajibi ne iyaye su sa yaro ya yi shekara 9 a makaranta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, har da hukunci, karo na farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Na san za ki ce wa aka taɓa kamawa, ga yara nan fal a titi suna talla, gaskiya ne, ni ma ba hukuncin ne damuwata ba. Damuwata babbar 'yarki ce. Saura mata shekara ɗaya ta zana kwamon entirans, daga nan ga jarrabawar JSS 3, can gaba WAEC da NECO na 'yan makaranta sai ta hannun makaranta ake rajista kuma sai an tura makin gwajin da yaro ya riƙa yi a aji. Akwai ta 'yan waje wadda mutane ke ce wa GCE, amma ki tambayi kanki wa zai koya mata fizis da kemistiri, a wane ɗakin gwaji, a kicin ɗinki?

Sannan ki duba yininki da idon basira. Girki, wanki, baƙi su faɗo ba sanarwa, yau biki gobe suna jibi gaisuwar rasuwa, ko Allah ya kawo rabo ki yi wata uku kina laulayi, duk ranar da kika kwanta makaranta ta rufe kenan. Kuma yaro ba ya jin tsoron uwa kamar yadda yake shakkar malami, wannan duk mai NCE ta sani.

Ni da ni ce, autan zan riƙe a gida, ɗan shekara 4 ba abin da nazire za ta ba shi da ba za ki iya ba, kin ga kin huta da ƙarin kuɗin mutum ɗaya. Na aji 2 ya tafi ta gwamnatin sunansa ya shiga rajista, ya saba da yara, in ya dawo ya huta ki zauna da shi awa ɗaya kafin Islamiyya, karatu da lissafi kawai, ki nemi manhajar ajinsa ta NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar makarantu ta ƙasa, ki riƙa bi don kar ki yi ta lalube. Babbar kuma ku lallaɓa ta ƙarasa aji 6 inda take, ko ku nemi mai sauƙin kuɗi, kuma ku je da kanku wurin hedimasta ku roƙi biya kashi-kashi, da yawansu sun fi son haka da su rasa ɗalibi. In maƙwabta suka ga yaronki na karanta littafi su ma za su turo nasu lesin, ɗan abin da za su biya ya rage miki kuɗin adaidaita.

Batun Hajiya kuwa kar ki ja da ita ko kaɗan, ki bar ɗanta ya kai mata maganar, ya ce mata ba wanda aka cire daga makaranta, auta ne kawai zai jira shekara biyu ya shiga aji 1.